Likkafanin Mma da Ya Tsaya a Kwastam

Mma,

Assalamu alaikum. Allah ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi, ya yalwata miki makwanci. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba. Ko da kina raye ma ai ba karatun boko kike yi ba, sai dai in zauna a bakin gadonki in karanta miki, kina katse ni kina faɗan in daina sauri kamar wadda aka koro. Yau babu mai katse ni. Wata biyar ke nan da maza suka ɗauke ki zuwa maƙabartar Tafo, kuma akwai maganar da na kasa faɗa wa mai rai.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. Teburin kokonki yana nan a bakin titi, ni ce a kansa. Makanikan unguwar Suame da ke tsayawa sha kafin su hau torotoro, motar haya, sun ishe ni da mita, wai cittata ta yi kaɗan, wai hannuna bai kai naki ba. Gaskiyarsu ce, amma ba na yarda a gabansu. An gyara rufin ɗakinki da ke yoyo, yanzu da ba ki nan, kin ji aikin mutane. Jikarki Ummi, takwararki, ta shiga makaranta, kullum sai ta dawo da takalmi ɗaya. Mma Lariba kuwa tana nan a hagunki da kaskon ƙosanta, inda ta zauna fiye da shekara talatin. Wani lokaci sai ta juyo da gulma a bakinta za ta ba ki, ta tarar ni ce, sai ta mayar da kai ga kaskonta.

To, Mma, maganar likkafanin ce.

Ƙafarki ba ta taɓa taka Makka ba, kuma ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Abu ɗaya kika roƙa. Tun ranar da kika ga an suturta wata maƙwabciyarmu da yadin da aka jiƙa a ruwan Zamzam, kika ce idan ke ba ki je ba, to abin da za a naɗe ki da shi ya je. Da Yaya Idi ya samu aikin tuƙi a Jidda, ciwonki kuma ya fara nauyi, sai kika sa na gaya masa a waya. Bawan Allah bai yi wasa ba. Ya je Umra, ya sayi farin yadi, ya jiƙa shi da hannunsa, ya shanya, ya ninke a kwali ya aiko ta gidan waya.

Sai dai kin san ɗanki. Tun da ya buɗe baki bai taɓa kiran sunanki ba, ke ma ba ki taɓa kiran nasa ba, ɗan fari ne, sai dai ki ce wancan na ƙetare. Daga baya ya gaya mini cewa ya tsaya da biro a hannu a gaban kwalin, hannun ya ƙi rubutawa. Sai ya rubuta sunan da duniya ta san ki da shi, Mma Mai Koko, Zango, Kumasi, ya sa lambar wayata a ƙasa. Da wannan sunan, ko makaho ka tambaya a unguwarmu zai kawo ka ƙofar gida. Amma katinki na ɗan ƙasa bai san wata Mai Koko ba.

Kwalin ya yi kusan wata a Akra kafin a kira ni a ce ya iso Kumasi, in zo ofishin kwastam da ke wajen Adum da katin mai kaya. Na tafi da katinki a jaka. Wata mata 'yar Asante mai tabarau ce ta saurare ni. Ta dubi sunan kwali, ta dubi sunan kati, ta girgiza kai. A gabana ta yanke kwalin don ta ga abin da ke ciki, ta tambaye ni wannan farin yadi haka na mene ne. Da na gaya mata, Mma, sai ta janye hannunta a hankali, ta mayar da ninkin yadda yake, ta rufe. Ba ta wulaƙanta ni ba, ba ta nemi komai a wurina ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da yarensu dalla-dalla: in je kotu in yi takardar rantsuwa cewa Mma Mai Koko da mai sunan kati mutum ɗaya ce, sannan in kawo takardar wakilci wadda kika dangwala wa yatsa, shi ke nan ta miƙo mini kaya. Ta ce aikin kwana biyu ne.

Kuma kwana biyun ne. Na yi rantsuwar washegari. Aka buga mini takardar wakilcin, har 'yar gwangwanin tawadar dangwale na saya. Babu abin da ya rage sai babban yatsanki, yatsan da nake riƙewa kullum in zan yanke miki farce.

Ban kawo miki ba, Mma. Abin da nake son faɗa ke nan. Ba kwastam ne suka riƙe likkafaninki ba, ni ce.

Ranar da na dawo da takardar na tarar ko rabin kofin koko kin kasa shanyewa. Ina gyara miki matashi kika ce da ni, da murmushinki, ai ke yanzu likkafanin nan kaɗai kike jira. Wallahi maganar nan ta shige ni kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya. Sai zuciyata ta ce, to idan shi kike jira, muddin bai shigo gidan nan ba, ba za ki tafi ba. Ni da na yi makarantar allo, ni da na san ajali ba ya jiran kowa, na zauna na yarda da wannan shirme. Na ninke takardar na tura ta ƙasan jaka, ƙarƙashin mayafin sallata, na ce sai gobe. Goben nan ta kai kwana ashirin da uku.

Kowace safiya in na dawo daga wajen koko sai kin tambaye ni ko kayan sun fito, ni kuma in ce har yanzu suna kwastam. Ƙarya ba ta yi mini wuya ba, don kowa ya taya ni. Duk wanda ya zo gaishe ki yana da labarin nasa kwalin da ya yi wata da watanni. Yaya Idi kuwa wayar har rawa take yi don faɗa, yana tsine wa mutanen da bai taɓa gani ba. Ke ce ma kike hana shi, kina cewa su ma 'ya'yan wasu ne, aikinsu suke yi. Ina zaune ina ji, jakar tana rataye a ƙusa saitin kanki.

Kin tuna ranar da ƙafafunki suka dame ki, kika sa aka sauko miki da jakata kina neman man zafi? Na shigo na gan ki da gwangwanin tawadar a hannu, a buɗe. Ba ki iya karatu ba, amma kin yi zaɓe sau nawa a ƙasar nan, kin san abin da ake yi da wannan tawada. Kika daɗe kina kallonta, kika ɗago kika kalle ni, sannan kika rufe kika mayar. Daga ranar ba ki ƙara tambayata labarin kwali ba.

Kin gane ne, Mma? Idan kin gane, me ya hana ki miƙo mini yatsan ki ce in kawo takarda? Tausayina kika ji, ko fushi kika yi? Ko kuwa kin ga 'yarki ba ta shirya ba, kika bar mini abin da nake riƙe da shi? Wannan tambayar ce ke tashi da ni kullum in na zo tace gasara, kuma babu mai ba ni amsa.

Ranar Alhamis da hantsi kika tafi, kanki a cinyata, da kalmar shahada a bakinki, alhamdu lillahi. Likkafani bai shigo gida ba, kuma kin tafi. Mijina ne ya hau babur ya sayo farin yadi a Adum, irin wanda ake saya wa kowa. Mma Lariba tana cikin waɗanda suka yi miki wanka. Ina tsakar gida na ji ƙarar yadin ana yaga shi, sai na toshe kunnuwana. Mata suka riƙe ni suna ba ni haƙuri, suna cewa Allah ya isa tsakaninmu da kwastam. Ban buɗe baki na wanke mutanen kwastam ba.

Bayan addu'ar arba'in na koma Adum, wannan karon da takardar shaidar mutuwa da wasiƙar Yaya Idi. Matar nan ta gane ni tun daga ƙofa. Da ta ga takardar sai ta cire tabaranta ta yi mini ta'aziyya, ta ce ta yi ta duba hanyata. Ba ta tambaye ni abin da ya tsare ni ba, kuma na fi son da ta zage ni. Kafin ta ba ni kwalin sai da na rubuta cikakken sunanki a littafinsu, na kuma faɗe shi da baki don ta tabbatar. Shi ne karo na farko a rayuwata da sunanki ya fita daga bakina, a gaban baƙi, ke kuma ba ki nan. Ba zan maimaita shi a takardar nan ba.

A ɗakinki na buɗe shi. Yadi ne mai kauri, mai laushi, da sawun ruwa a jikinsa inda ya bushe, yana ƙanshin turaren da Yaya ya sa. Da kin gan shi da kin ce yaron nan ya iya zaɓe, ba tare da kin kira sunansa ba. Na rungume shi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ban bari ya kwana ba. Na riga na ga abin da jinkirina ya jawo. Da la'asar na ɗauke shi na kai wa Mma Lariba. Kin san ba ta da ɗa ko jika a garin nan, danginta duk suna can arewa, kuma ta sha gaya miki tana tsoron ranar da za a rasa mai saya mata sutura. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce ko a lahira ma sai kin riga ta kin kuma aiko mata da tsaraba. Ta sa shi a saman akwatinta, ba a ƙasa ba, don kada a wahala wajen nema.

Wata uku da rabi ke nan yana ɗakinta, Mma. Tana kwana da shi tana tashi da shi, kuma lafiyarta ƙalau, ko mura ba ta yi ba. Jiya ma sai da aka raba ta da mai wake, wai ya kawo mata mai ƙwari. Kullum da safe ina zuba koko ina satar kallonta, tana juya ƙosai tana surutunta. Ashe yadi ba ya kiran kowa. Da na kawo miki shi, ranar Alhamis ɗin nan dai za ki tafi, ba ta matsowa ba ta ja da baya, sai dai ki tafi a cikin abin da kika roƙa, bayan kin shafa shi da hannunki kin ji daɗi. Kwana ashirin da uku na farin ciki na hana ki, ban ƙara miki ko yini ɗaya ba.

Malam ya ce a wa'azi ba yadi ake dubawa a kabari ba, aiki ake dubawa. Na sani, kuma ban ji miki tsoro ta wannan wajen ba, ke da kika ciyar da rabin Zango. Amma shekara arba'in kina tashi kafin kiran assalatu saboda mu, ba ki taɓa cewa a saya miki ko ɗan kunne ba. Abu ɗaya tak kika nema, ya ƙetare teku ya zo har Adum, ni na tare shi a bakin ƙofa.

Gobe Juma'a Yaya Idi zai kira bayan masallaci. Zan gaya masa komai, don ya daina tsine wa baiwar Allah da ta ninke likkafaninki da ladabi. Ban san ko zai ƙara yi mini magana ba. Shi dai yana da bakin da zai ce ya yafe ko bai yafe ba. Ke ce ba ki da shi.

Takardar wakilcin tana nan a jakata har yanzu, wurin yatsanki fari fat. Tawadar ta bushe.

Ki yafe mini, Mma. Ba ƙin ki na yi ba, so nake ki ƙara kwana. Allah ya jiƙan ki, ya shayar da ke abin da ya fi Zamzam, ya haɗa fuskokinmu a inda ba a tambayar kowa kati.

Ni ce autarki,
Rabi, wadda cittarta ta yi kaɗan.