Kiran da Yaya Ta Yi wa Baba

Zuwa ga Autanmu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Ranar da na kira ta bidiyo, kwana ɗaya kafin ya cika, hotonsa ya yi ta daskarewa, muryarsa na zuwa guntu-guntu. Ina ganin bakinsa na motsi, sai can in ji rabin kalma. Ka ce laifin kamfanin intanet ne. Tunda harkar intanet ce aikinka, ka rabu da su. Kuma don Allah, me Baba yake gaya mini? Kai kana gida.

Ka gaida Inna.
Yayarka da ke kewarku

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Amin, na gode. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Yaya, ƙarya na yi miki. Kamfani ba ruwansu. A lokacin ina falo ina tura bidiyoyin kyamarorin wani kanti daga kwamfutata. Na'urar intanet ɗin gidanmu tara kaya take yi a layi: in an ɗora mata manyan fayiloli, sai ta jera su, muryar mai kira ta tsaya a baya tana jira. Maganar Baba a bayan kayana ta maƙale.

Gyaran minti biyar ne, a sa kira ya riƙa shiga gaba. Kullum ina yi wa ofisoshin mutane, har ina yi musu faɗa in sun yi sakaci. A gidan ubana ban taɓa yi ba. Na ji Inna tana ƙwala mini kira, "Auta, abin ya tsaya!" Na ce saura kaɗan ya gama.

Abin da ya faɗa kuwa, ban sani ba. Ban shiga ɗakin ba. Na kasa tambayar Inna, don ko ido ban iya haɗawa da ita. Ki yi mini duk faɗan da kika ga dama.

Ƙaninki

Auta,

Gaisuwa. Na karanta, na yi kuka, na yi fushi da kai kwana biyu. Amma ba ni da bakin faɗa. Kiran nan ba yankewa ya yi ba. Ni na kashe. Haushi ya kama ni, ga abokiyar aikina na jirana a mota, na yi tsaki na ce gobe na sake kira. Ban san ko ya ji tsakin ba.

Ka gyara na'urar. Ranar Asabar da hantsi zan kira Inna. Ka rufe kwamfutarka ka zauna kusa da ita, ka riƙe mata wayar.

Na yafe. Ka yafe mini.
Yayarka