Shanun Lakar Manu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Dije ce, 'yarki ta fari. Na tsufa, Inna, har na wuce shekarun da kika bar duniya a kansu. Maganar ƙanena Manu ce ta zaunar da ni yau.

Kin tuna shekarar da aka sami mulkin kai, muna rugarmu ta bayan Sharabi. Kowa zancen tuta yake yi da tafiyar Bature, ke kuwa damuwarki ɗaya ce. Manu ya shekara huɗu bai ce uffan ba. Yana ji sarai, in an kira shi ya waiwayo, amma ko "Inna" bai taɓa cewa ba.

Mahaifinmu, Baffa, ya ce shagwaɓa ce. Ya tura shi cikin manyan yara masu langa, wai ya goge. Suka banke shi, ya dawo da fasasshen leɓe, hawaye na zuba babu murya. Sai Baffa ya yanke cewa in rani ya kama za a haɗa shi da samarin da ke ƙetarawa da shanu ƙasar Dahomi, wahalar daji ta buɗe masa baki. Na tsorata ƙwarai. Yaron da ba ya magana, in ya ɓace a daji, wa zai kira?

Ke da ba kya ɗaga ido gaban Baffa, ranar kin tsaya. Kika ce, "Malam, yaro na ƙarami. Wanda bai yi kiwon shanun laka ba, ba a miƙa mai sanda. Bar shi shi yi wasa da tsara nai." Baffa ya ce ya ba ki zuwa ƙarshen girbi.

Kika ɗebo laka a fadama, kika tara sa'anninsa a gindin tsamiya, kika zauna a ƙasa tare da su. Matan ruga suka yi ta miki dariya. Gaskiya, Allah ya gafarta miki, shanun da kike ginawa sun fi kama da jakuna. Amma kin sa musu ƙaho da ƙaya, kin ja musu shinge da yatsa, kuma ko sau ɗaya ban ji kin matsa masa ya yi magana ba.

Sauran yaran suna kora nasu garken mashaya, kowa na kiran tasa da suna. Manu yana kallo. Ya zaɓi guda ya shafa mata toka a goshi, kamar Wule, saniyarmu mai farin goshi. Da ita yake cin tuwo, da ita yake barcin rana.

Wata safiya, ana gab da gama yankan dawa, wani yaro ya haɗa saniyar lakar Manu cikin nasa garken ya ja. Manu ya miƙe, ya sa hannu a baki yadda Baffa ke yi, ya ce, "Wule, taho."

Wulen gaske tana ɗaure a bayan bukka, ta amsa masa. Baffa yana tufka, ya aje igiyar. Ke kuma kika ja zane kika rufe fuska. Da rani ya zo samari suka tafi Dahomi, Manu yana gindin tsamiya.

Ba ki ga girmansa ba, Inna. Ya zama shi ake nema in za a ƙetare da shanu kogin Kwara. In ya shiga gaba yana kira, sai garke ya faɗa ruwa yana bin muryarsa. Har ya tsufa, in ya tarar da yara suna wasan laka ba ya aiken ko ɗaya. Sai ya tsuguna ya gyara musu ƙaho.

Manu ya rasu bayan sallar layya. Mutane daga Kurgu har Bagudo sun zo gaisuwa, kowa muryarsa yake yabo, ni kaɗai na rage da na san daga inda aka samo ta. Ina kewarku ku biyu, kewa mai nauyi.

Allah ya jiƙanki, ya yafe wa Baffa, ya haskaka kabarin ɗanki. Allah ya haɗa ku a Aljanna, ya kira ki "Inna" har ki gaji da amsawa.

Taki har abada,
Dije