Kwantenar Yayana Tana Faɗuwa Tana Tashi

Assalamu alaikum Anti Shafa'atu. Don Allah ki taimaka mini, ban san wanda zan tambaya ba, kuma ni ba mai yawan magana ba ce. Bara na gama firamare.

Yayana Mukhtar ya karanta kwamfuta a Sakkwato. Kafin ya tafi bautar ƙasa ya haɗa wata tsohuwar kwamfuta a shagon Baba, ya bar ni ina kula da ita. A cikinta akwai ƙananan manhajoji, kowace a ɗakinta. Shi yana kiran su kwantena, amma ba irin ta bayan tirela mai wucewa Ƙonni ba. Ɗaya tana aika wa manoman albasa na Kalmalo saƙo, kowa ya san ranar da injin ban-ruwa zai zo gonarsa. Kawu Lawwali ma yana cikinsu. Ɗayar kuma tana karɓar hotunan ganyen da ya kamu da cuta.

Anti, in aka ɗauke wuta komai ya yi shiru. Da an kawo, ba wanda ya taɓa su, sai in ga suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta koma aikinta. Ranar farko na yi ta mamaki. Har yanzu nakan bar shara in tsaya kallo.

To mai hotunan ce damuwata. Yaya ya auna wa kowace memorin da za ta ci, wato wurin da take aiki a ciki. Yanzu hotuna sun yi yawa. Tana kaiwa iyakarta sai kwamfutar ta kashe ta, ta tashi, a sake kashe ta, haka dai ba hutu. Wallahi tausayinta nake ji. A gidanmu Inna ba ta auna wa mai jin yunwa tuwo. Na san inda ake cire iyakar, Yaya ya nuna mini. Amma ina tsoron in taɓa saƙon ruwa ya tsaya, albasar mutane ta bushe a hannuna. Kiran Yaya kuma kunya nake ji, kada ya ce ban iya ba. Mi zan yi?

Ƙanwar Mukhtar, Illela

Wa alaikissalam 'yata. Na kai wasiƙarki ga wata mai wannan sana'a, ita ma ta yi mamakin yadda kika gano ciwon da kanki.

Tausayinki yana da hujja, rabon mai hotunan ya yi mata kaɗan. Tsoronki ma yana da hujja. Ki lura da Inna: tana ƙara wa mai yunwa, amma ba ta miƙa masa tukunya alhali sauran yara ba su ci ba. In kika cire iyakar, mai hotunan za ta iya cinye memorin duka, kwamfutar ta daskare har da mai saƙon ruwa.

Saboda haka kada ki cire. Ki duba abin da kowace ke ci da abin da ya rage, ki ƙara wa mai hotunan kaɗan, ki bar wa mai saƙon rabonta da rara. Tashin da ke ba ki mamaki kuwa umarni ne Mukhtar ya rubuta, cewa a tashe su duk lokacin da suka faɗi. Mai saƙon ta zauna a haka. Mai hotunan ana iya mayar da ita ta gwada tashi sau kaɗan, in ta kasa ta tsaya a duba ta. Wannan gyaran ku yi shi tare da yayanki.

Ki kira shi yau, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Ba zai ce ba ki iya ba, don wadda ba ta iya ba da tuni ta cire iyakar. Allah ya ƙara miki basira, ya sa ruwa ya isa gonar Kawu Lawwali a ranarsa.

Anti Shafa'atu