Kada Ku Goge Mini Riga

Da sunan Allah. Ni ne mahaifinku, tsohon saja, nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, kafin in sha maganin nan mai sa ni gyangyaɗi. Ƙafar dama ta gaji da ni, kunnen hagu ya bi ta, amma kaina yana nan garau. Zuwa ga Babba, da Malama, da Auta. Ku karanta a gaban mahaifiyarku.

Kun san tun ranar da motarmu ta taka nakiya a bakin aiki, ƙarfe ya zauna mini a ƙugu, nake bin haƙƙina na nakasa. Ofishin tsofaffin sojoji na san shi fiye da ɗakin kwanana: bencin nan mai ƙusa a gefe, fankar da ba ta juyawa, da tagar da ake turo maka takarda ba a ɗago kai an dube ka ba. Taga ta ce je asibiti, asibiti ya ce je bariki, bariki ya ce koma taga. Akawun da ya fara karɓar fayil ɗina ya yi ritaya, yanzu benci ɗaya muke zama da shi. Sun ba ni rana a wata mai zuwa in bayyana gaban kwamitin likitoci, sun ce zaman ƙarshe ne. In sun amince tun ina raye, mahaifiyarku za ta ci gaba da karɓar rabonta bayan raina. In sun ƙi, an rufe fayil ke nan, in bar ta a ɗakin haya da keken ɗinki. Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai, tsoronsa nake ji fiye da mutuwar.

Na ɗaya. Takardun suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, na damƙa su ga Malama. Ita ce mai haƙurin layi. Babba, kai minti kaɗan za ka yi a tagar nan a kira maka masu gadi. Kada a ba kowa takarda ta asali, ko da ya rantse gobe zai dawo da ita.

Na biyu. Agogona na ba Babba, rediyo na ba Auta, tunda dama ya fi ni sanin inda take kwana. Keken ɗinki na mahaifiyarku ne, da guminta ta saya, ba ya cikin gado. Mai kantin magani na bakin titi yana bi na, ku biya shi abin da ya faɗa, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Sauran a raba yadda addini ya tsara, bai kai abin da zai haɗa ku faɗa ba.

Na uku, Babba da Malama, ku daina gabar nan. Na sani ba ku gaisawa tun zaman da ya wuce, ranar da Malama ta buɗe baki za ta gaya wa likita gaskiyar halina, kai kuma ka ja ta waje ka ce za ta kunyata ubanta. Kai ka kare mutuncina, ita ta so kare uwarta. Ba wanda ya yi laifi a cikinku, amma ita ce a kan daidai.

Bari in gaya muku abin da ke faruwa a ɗakin nan. Duk ranar zama, mahaifiyarku takan tashi ta goge mini riga har ta yi ƙyalli, Auta ya share takalmi, ni kuma in aske gemu. In mun isa ƙofa sai in bar sandata wajen mai gadi. Shugaban likitocin kanar ne. Da idona ya sauka a kafaɗarsa, bayana yake miƙewa da kansa, ban sa shi ba. Ya tambaye ni jiki, in ji bakina ya ce lafiya lau. Ya ce in taka zuwa bango in dawo, in cije haƙora in yi masa maci kamar ranar fareti. Ya rubuta cewa rauni ne kaɗan. In dawo gida in kwanta, ko juyi sai an juya ni.

Kowane zama da niyya nake shiga, in ce yau kam sai na faɗa. Ba na iyawa. Tun ina saurayi aka koya mini soja ba ya cewa wayyo a gaban babba, aka dasa mini shi har cikin ƙashi. Yanzu gidan da ya koya mini haka ya ce ba zai biya ba sai wanda ya ce wayyo. Na rasa ta inda zan fita, na kuma gaji.

Na huɗu, shi ne dalilin wannan takarda. Ranar zama, kada a goge mini riga. A bar ni da wadda na kwana da ita, a bar gemun. Babba, kai za ka tura ni a keken guragu har gaban teburin kanar, in na yunƙura zan tashi ka danne mini kafaɗa. Malama, in na ce lafiya lau, ki ce ƙarya ne, da ƙarfi, kowa ya ji. Ki faɗa musu ba na iya zuwa bayi sai an riƙe ni. Ki faɗa musu dalilin da ya sa ake shanya katifata kullum a bayan ɗaki, inda maƙwabta ba za su gani ba. Ki faɗa musu ƙarar murfin tukunya kan sa ni kwantawa ƙasa ina rawar jiki.

Ke kuma uwar 'ya'yana, shekara da shekaru kina rufa mini asiri, ko 'yar'uwarki ba ta taɓa jin komai daga bakinki ba. Allah ya saka miki. Amma rufin asirin nan shi zai bar ki a titi. Ranar nan ki buɗe, ni na roƙe ki.

Na biyar. In Allah ya karɓi abinsa kafin ranar, ku je duk da haka, ku ukun, ku tambaya ko akwai wata ƙofa ga matar mamaci. Ban sa rai ba, amma ku je. In babu, kada ku bar ta ita kaɗai da mai gidan haya, kada kuma ku riƙa tura ta daga wannan gida zuwa wancan kamar yadda aka yi ta tura ni. Ku zauna ku yanke wajen wanda za ta zauna, sauran su taimaka.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Ku riƙe juna, ku riƙe mahaifiyarku. Na yafe muku abin da ya wuce, na kuma yafe muku wanda za ku yi mini a gaban kanar tun kafin ku yi shi. Na san kaina, zan harare ku, wataƙila har in daka muku tsawa. Kada ku yi shiru. Saja ne zai yi tsawar, ubanku ya riga ya sa muku albarka.