Ranar da Na Fitar da Yaya Daga Layi

Juma'a, 13 Disamba 1991

Gobe zaɓen ɗan majalisar jiha. An ba ni malamin zaɓe a akwatinmu na Zangon Marke, tunda ni ne malamin firamare. Akwati dai a suna, don bana ƙato bayan ƙato za a yi: a kafa hoton ɗan takara, mai sonsa ya tsaya a layinsa, ni in bi ina ƙirgawa. A 79 da 83 a ɓoye muka dangwala, ba wanda ya san na wani. Yanzu sai kowa ya tsaya a rana surukinsa na kallonsa. Mazaɓar ma sau uku ana yanka ta tun ina yaro, yau a jefa mu wajen Minjibir, gobe a haɗa mu da 'yan bakin birni. Bana da su Bacirawa muke.

Ni dai raina na kan Alhaji Basiru, ya ce zai rufa mana azuzuwa biyun da iska ta yaye. Yaya Usaini kuwa Alhaji Khalilu yake yi. Gona ɗaya muke nomawa, ba ma zancen.

Asabar, 14 Disamba

An yi. Doka ta ce ƙarfe sha ɗaya a rufe tantance kati, wanda ya makara ba shi ba layi. Sha ɗaya da rabi sai ga Yaya, ƙafarsa duk jar ƙasa. Ashe wani dattijon gari, Baba Sama'ilu, ya rasu da safe, shi ne Yaya ya tsaya haƙa kabari. Ya shiga layin Khalilu. Wakilin Basiru ya hau ihu. Na je na ce, “Yaya, ka makara, sai ka fita.” Ya dube ni ya ce, “Ni, Mika'ilu?” Na ce doka ce. Ya fita, gaban surukansa, gaban kowa.

Basiru 143, Khalilu 142. Doka na bi. Hankalina kwance yake.

Litinin, 16 Disamba

Rediyo ta ce Basiru ya cinye mazaɓa da ratar dubu biyu da wani abu. Wato da Yaya da babu, duk ɗaya.

Na gai da Yaya a ƙofar masallaci. Ya ce, “Lafiya lau, Malam.” Malam! Mutumin da ya goya ni.

Alhamis, 18 Yuni 1992

An raba gandu. Yaya ya kafa duwatsu daga tsamiya zuwa bakin rafi, ya ɗauki gabas ya bar mini yamma. Inna ta yi kuka ta gaji.

Gari duk ya zama haka. Yau na kira gayya don noman farko, matata Furera ta dama fura ƙwarya uku. Mutum shida suka zo, duk 'yan layin Basiru. Tun kakanni ba a taɓa tambayar mai gayya inda ya tsaya ba. Fura ta yi tsami muka ba akuyoyi. Tir da wannan zamani.

Asabar, 4 Yuli

Wani zaɓen kuma, na 'yan majalisar tarayya. Ni na sake ƙirga. Rabin gari ba su fito ba. Yaya yana gonarsa, ina hango bayansa daga inda nake.

Talata, 11 Agusta

Ruwa ya sake korar mu daga aji. Wata takwas ko ƙeyar Basiru ba mu gani ba. Na bi shi har gidansa na birni, kuɗin mota ya ninka, na yini a kan benci. Da la'asar ya fito ya ce, “Daga wane gari ma kake?” Na faɗa. Ya ce, “Zangon me?”

Na tashi na kamo hanyar gida.

Juma'a, 9 Afrilu 1993

Larai matar Yaya ta haihu, yau suna. A bakin mai shayi na ji an sa wa yaron sunan marigayi mahaifinmu. Goro ko ɗaya bai shigo gidana ba. Furera ta ce, “Ka je ka ba shi haƙuri mana, me zai rage ka?” Na ce haƙurin me? Na yi sata ne? Ta ce, “Kai ka sani,” ta ci gaba da tankaɗe.

Ba ta san komai ba. Ina ji dai ba ta sani ba.

Juma'a, 19 Nuwamba

Sojoji sun rushe komai. Ba majalisa, ba jam'iyya, ba ɗan majalisa. Har ana cewa in an dawo za a sake yanka mazaɓar, sunanta ma ba zai tsira ba. Shi ke nan abin da muka yi ta tsayuwa a rana dominsa.

Litinin, 22 Nuwamba

Hedimasta ya je ɗaurin aure a Bacirawa jiya. Ya ce da idonsa ya ga Basiru da Khalilu a tabarma ɗaya, hannu cikin kwano ɗaya, suna ta ƙyaƙyata dariya. Wai ɗan wannan ke auren 'yar wancan. Allah wadai! Su suna haɗa zuri'a, mu uwa ɗaya uba ɗaya mun raba gona da duwatsu.

Na kasa cin tuwo.

Alhamis, 25 Nuwamba

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Ranar nan, kafin Yaya ya iso, Ɗan'auta mai faci shi ma ya makara. Sha ɗaya da kwata. Ya sulale cikin layin Basiru, na gan shi sarai, na kau da kai. Na dafa kafaɗarsa na ƙirga shi.

Shekara biyu ina cewa doka.

Asabar, 27 Nuwamba

Dawar Yaya ta bushe a tsaye, tsuntsaye na ta ci, 'yan layinmu ba mai zuwa masa. Na ɗauki magirbi wai zan duba tawa. Ban san yadda aka yi na tsallake duwatsun ba.

Yaya da masu taya shi su huɗu ne kawai, sun yi nisa da aiki. Na tsaya a bayansa na faɗa masa zancen Ɗan'auta, duka. Bai daina sara ba. Ya ce, “Na gan shi ai. Ina tahowa daga maƙabarta na hango shi yana shiga.”

Ashe tun ranar ya sani.

Can ya ɗago ya dubi rana, ya dube ni. “Ka makara, Mika'ilu.” Sai ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi.

Hannuna duk ya yi kanta. Gobe akwai sauran gefen rafi.