Ni na tura wa Kawu hoton tambarin yajin Umma

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ɗalibar SS2 ce a Kurfi, abin nan ya fi ƙarfina.

Umma tana daka yajin daddawa tun kafin a haife ni, a wurin kakarmu ta gada, shi ya sa ake ce mashi Yajin Iya Talatu. Bara na zana mata tambari a bayan littafin lissafina, turmi da taɓarya, har 'yar tsagar da ke bakin turminmu sai da na saka. Malam Bala mai shagon buga takardu a Dutsin-Ma ya gyara shi a kwamfuta, yana buga mana sitika muna liƙawa a robobi. Na buɗe mata shafi a waya, ɗalibai suka fara yin oda.

Da ƙaramar sallah Kawu, ƙanin Umma da ke kasuwanci a Katsina, ya zo gaisuwa. Ya ɗauki roba ɗaya yana jujjuyawa, na lura bai ko shinshina yajin ba, sitikar yake shafawa da yatsa. Da zai tafi ya ce, "Ke 'yar boko, turo mani hoton nan mai kyau, in yi wa abokaina kuri 'yata ta iya zane." A gidanmu in babba ya nemi abu ba a tambayar me zai yi da shi. Na tura, har ina jin daɗi.

Watan jiya mai kantin da ke karɓar kayanmu ya dawo mana da su, wai an kawo mashi takardar lauya, wani kamfani ya yi wa sunan da tambarin rajista, duk wanda ya sayar da wani yaji da sunan zai gamu da kotu. Bayan kwana uku aka rufe shafinmu, wai mu ne muka kwaikwayi kayan wasu. Na nemo hoton nasu yajin, turmina ne, da tsagarsa. Lambar wayar da ke ƙasan ledar ta Kawu ce. Ban faɗa wa kowa ba.

Umma ta ɗauka Malam Bala ne ya sayar da zanen, tunda a kwamfutarsa yake. Ta je shagon ta ce ya ci amana, ya rantse har idonsa ya yi ja, ba ta saurara ba. Yanzu mata biyu a layinmu sun daina kai mashi aiki, Baba kuma ya ce ranar Asabar zai kai shi gaban mai unguwa.

Na tambayi malamar kasuwancinmu kamar labarin wata ne, ta ce wanda ya riga amfani da suna yana iya ƙalubalantar rajista in yana da hujja, amma kada a yi jinkiri. Littafin yana nan, saƙon da na tura wa Kawu ma yana nan da kwanan wata. Sai dai Umma ce ta goya Kawu bayan rasuwar Iya, su biyu kaɗai suka rage, har yau in ya kira sai ta ce "autan Iya". Na san ba za ta kai shi kotu ba, kuka kawai za ta yi.

Sau biyu ina tsayawa kanta tana tankaɗe don in faɗa mata, sai in juya in koma ɗaki. Yau Laraba. In fara faɗa wa Baba ne, ko in kira Kawu, ni da ko ido ban iya haɗawa da shi? In na yi shiru har Asabar, da wane ido zan kalli Malam Bala?