Aikin da Aka Riga Aka Yi

Ƙanwata Rashida,

Assalamu alaikum. Ina Inna da ƙafarta? Tafkin Madarumfa ya cika bana? Ni lafiya lau, sai dai sanyin Lyon.

Wata takwas muka yi muna zana tsarin da zai bayyana yadda tsofaffin manhajojin kwamfuta da aka rubuta da yaren COBOL ke jera bayanai. Jiya aka gano wani kwamiti ya riga ya zana irinsa, kuma nasu da namu ba sa jituwa. An soke namu. Aikina ya ƙare, takardar zamana saura wata ɗaya. Kada Inna ta ji tukuna.

Ki gaya wa ɗalibanki na ajin ordinater, wato kwamfuta: kafin su haƙa rijiya, su tambayi mutanen gari ko akwai wata. Ni, da duk karatuna, ban tambaya ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Habibu